Faifan da Iya Ta Dirje

Iya, kakata ta wajen uba, ƙuli-ƙuli take yi, kuma wutar tuyar ƙulin nan ita ce fitilarmu a Getso. Shekarun nan ne da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu kuwa aljihun ma ba mu da shi balle bakinsa. Kananzir ya zama abin da ake aunawa da murfin kwalba. Baba ya kafa doka a gidan cewa ba a kunna fitilar ƙwai sai in baƙo ya zo ko kunama ta harbi wani. Saboda haka da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu yara mu tattaru a gindin murhun Iya, inda ragowar karan dawa ke ci a hankali. Ƙamshin man gyaɗa ya kama rigunanmu, har a makaranta ana gane 'yan gidanmu da shi.

Sunana Sabi'u, amma Iya ba ta taɓa kirana da shi ba. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. “Ga maigidan nan da ba ya cefane, sai cin ƙuli.” Ni kuma in ce na sake ta, na gaji da tsohuwa marar haƙora. Sai ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo mini ƙuli mai zafi ta ce in ci in samu ƙarfin zuwa biko.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ɗaga kai ta dubi saman katanga kamar ta hango baƙo, ta ce, “Ga wata can tafe, wa zai ba ta masauki?” Mu haɗa baki mu ce, “Ta sauka a nan!” Tana da su da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta fito da ita sai da bazara, in ana jiran ruwa an gaji. Ita ce ta Tanko Mai Gora.

Wani gari ne, in ji ta, da ruwa ya ƙi sauka. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Sai tsofaffin garin suka tuna akwai wata tsuntsuwa can bayan duwatsu, wadda ta san waƙar da ke kiran hadari. Aka rasa mai zuwa sai Tanko, saurayi mai ƙafar gudu, amma kansa rariya ne, abin da aka zuba ba ya zama. Ya yi ta tafiya har ya iske ta a kan busasshiyar kuka. Tsuntsuwa ta ce, “Sau ɗaya tak zan rera, ka buɗe kunne.” Tanko ya san halin kansa, sai ya yi dabara. Ya zubar da ruwan gorarsa, ya kara bakin gorar a bakin tsuntsuwa, tana gamawa ya toshe da totuwar masara. Garin riƙe gora da lalubar totuwa, ko kalma ɗaya ta waƙar bai ji ba.

Mukan katse ta a nan mu ce, “Iya, rera mana waƙar mana.”

“In rera ruwa ya sauko ya kashe mini wuta? Da me za a dafa muku koko gobe?”

A hanyar komawa kowa ya tare shi sai ya roƙa a buɗe masa ya ji ko kaɗan. Akwai manomi mai ƙonanniyar gona, akwai kura da ta ce ko ya buɗe ko ta buɗe cikinsa, akwai wata tsohuwa zaune a bakin rijiyar da ta ƙafe. Ga Tanko cikin tsaka mai wuya: in ya buɗe waƙar za ta tsere, in bai buɗe ba bai san ko tana ciki ba. Sai ya kai gorar kunne ya girgiza. A nan Iya takan ɗauki ludayinta ta girgiza a kunne, ta zare ido, ta ce, “Shiru kake ji.” In muka tambayi yadda ya rabu da manomin da kurar da tsohuwar, sai ta ce mu yi haƙuri, a ƙofar gari za mu ji. Ya iso ƙofar gari, jama'a sun yi dafifi, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Tanko ya ɗaga gora sama, ya ɗora hannu a kan totuwa.

“Wuta ta mutu,” in ji Iya. “Ku tashi.”

Kai, ka ga ihu! Mu yi ta magiya, wasu har da kuka, tsohuwar nan ko gezau. Sai ta nuna yaro ɗaya ta ce ya tsaya ya taya ta binne garwashi a toka saboda wutar safe, sauran kowa ya nufi ɗakin uwarsa. Wanda ya tsaya shi kaɗai za ta raɗa wa ƙarshen, ta kuma ja masa kunne cewa duk ranar da ya faɗa wa wani, kunnensa zai toshe kamar gorar Tanko. Mun yarda da wannan fiye da yadda muka yarda da karatun boko.

Ina da shekara takwas ko kusa da haka aka tsayar da ni. Tana tura toka da ɓallen kasko, ta ce ai tun a hanya Tanko ya yi tuntuɓe, totuwa ta faɗi, waƙa ta yi nata wuri. Tsoro ya hana shi faɗa. Da ya buɗe a ƙofar gari aka ji shiru, sai ya ƙago tasa waƙar ya rera. Hadari kuwa ya haɗu, amma maimakon ruwa sai kwaɗi suka yi ta zubowa, a rumbu kwaɗi, a tukunyar tuwo kwaɗi, har cikin hular mai gari. “Shi ya sa, maigida, in ka ji kwaɗi na kuka da damina, Tanko suke kira ya faɗi gaskiya.” Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na tafi ina taƙama, a zatona ni ma na shiga sahun waɗanda suka san ƙarshen Tanko, kuma ƙarshen guda ɗaya ne.

Da na girma ban kama noma ba. Na buɗe ɗan shago a Gwarzo ina ba da hayar kaset na bidiyo, daga baya faifan sidi ya shigo ya kori kaset. Wannan ya zo daidai da shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, aka rufe gidajen sinima a birni, kallo ya koma cikin gida. Kasuwa ta buɗe mini ba kaɗan ba. Wani zai wuce ta gaban shagona da rana yana Allah wadai da 'yan fim, da la'asar ya dawo da kansa yana waige-waige, wai matarsa ce ta matsa masa. Ni dai faifai ya burge ni. Kaset yana cin zare, yana yin sanyi, ka yi ta juya shi da biro. Wannan kuwa ga shi sumul yana walƙiya, kuma dillalanmu na birni sun rantse mana cewa sai jikokinmu sun gaji da kallonsa.

Ni da hannuna na kai talabijin da na'urar faifai da ɗan janareta gidanmu na Getso, ina jin na yi abin kirki. Bayan 'yan watanni na je gaisuwa na kwana. Aka idar da magariba, na ga yaran gidan kaf, 'ya'yan yayyena da na maƙwabta, sun dunguma ɗakin da talabijin yake. Na leƙa bayan gida. Ga Iya a gindin murhu ita kaɗai, wuta na ci, ta ajiye ƙuli a murfin kwano babu mai ɗauka.

“Maigida, akwatinka ya kwashe mini baƙi.”

Na ce, “Iya, zamani riga ne.”

“Na ji. To su mutanen cikin akwatin, in yaro ya yi gyangyaɗi suna dakatawa su jira shi?”

Na ce a'a. Ta ce, “Uhm,” ta ci gaba da tura kara. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, kunya ta kama ni. A daren na yanke shawarar da nake gani ta mai hankali ce: tunda yara sun koma akwati, to bari in saka Iya a cikin akwatin.

Akwai wani Malam Isiya mai ɗaukar biki da suna a bidiyo, shagonsa na kusa da nawa. Na ɗauko shi a babur wata Juma'a da hantsi, don ya ce hasken rana ya fi kyau. Iya ta ce atafau, mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, ita kuwa ba za ta ɓata da tsufanta ba. Dole muka jira magariba. Wutar kara ba ta isa na'urar Isiya ba, sai da ƙwan lantarki, ƙwan lantarki kuma sai da janareta. Don kada ƙararsa ta shiga cikin muryarta, na ja doguwar waya na kai shi can zaure. Man da na saya a bakin titi ashe gauraye ne. Injin ya yi ta tari, da na sake shi sai ya nemi mutuwa, don haka na durƙusa a zaure ina riƙe da shi ina lallaɓawa. Aka tattaro yara da alkawarin alewa, Iya ta ɗaura sabon ɗankwali, ta ce ta Tanko za ta yi.

Ina can cikin hayaƙi sai na ga yara sun fito suna gunaguni, Isiya na biye da su yana naɗe hannun riga zai yi alwalar isha'i. Ya ce ta kore su duka, har shi, amma ya bar na'urar kafe a kan sandunanta tana ɗauka. Ya ce kuma tana kirana. Na jiyo muryarta daga ciki, “Maigida! Zo ka taya ni binne wuta.” In na tashi inji ya mutu, haske ya ɗauke, aikin ya lalace. Sai na ɗaga murya na ce, “Iya, ki faɗa wa na'urar kawai, zan gani daga baya!” Ta sake kira sau ɗaya. Na sake ba ta amsar nan, daga nan ban ƙara jin ta ba.

Bayan mako guda Isiya ya kawo mini faifai ɗaya, ya rubuta Iya Getso a kai da jan alƙalami. Na saka a shago na ga hoto ya fito tas, ga ta tana duban saman katanga. Masu haya suka shigo, na cire. Na ce ai yana nan, ina zai je? Ban da haka ma ai na san ƙarshen, kwaɗi ne. Ni da nake juya faifai ɗari-ɗari, ban yi wa wannan na biyu ba. Na kai mata shi a leda na ce ta ajiye, ita ce a ciki. Ta juya shi ta ga fuskarta a bayansa, ta ce lallai kuwa ga ta nan.

Sannan ta dube ni ta ce, “Ka gani?”

Na ce, “Na gani, Iya.”

“Har ƙarshe?”

“Har ƙarshe.”

“To me ka ce?”

Na ce, “Ya yi kyau ƙwarai.”

Ta daɗe tana kallona. Sai ta naɗe faifan a wani tsohon ɗankwali ta sa a cikin kwallar da take ajiye turarenta, ta tambaye ni ko na ci abinci. Ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban sake ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, kuma abin da faifai ya yi wa kaset sai ga waya ta zo tana yi masa. Yara matasa suka kafa tebur da kwamfuta a bakin tasha, ka miƙa wayarka a tura maka fim goma kafin ka gama shan rake. Faifan da aka ce jikokina za su gada ya koma kwali-kwali a bayan shagona, manoma na saye da arha suna ratayawa a gonar gero don walƙiyarsa ta kori tsuntsaye. Ni ma dole na sayi kwamfuta na koma turawa. Cikin wannan rububin Iya ta kwanta ciwo kwana tara, Allah Ya karɓi abarSa.

Ranar sadakar arba'in mata suka buɗe kayanta, Yaya Rakiya, wadda nake bi, ta fito da faifan daga kwalla. Muna zaune a tsakar gida ana tuna Iya, sai na ce tunda mai toshe kunnen ta tafi, bari in faɗi ƙarshen Tanko. Na ba da labarin kwaɗi ina dariya. Yaya Rakiya ta yi mini wani irin kallo.

“Waɗanne kwaɗi kuma? Sabi'u, ba ka daina ƙarya ba har yau? Tanko hana kowa ya yi, ko tsohuwar bakin rijiya bai buɗe wa ba. Da ya cire totuwa a ƙofar gari, waƙar ta riga ta ruɓe a ciki, wari ne kawai ya fito.”

Na ce ita ce ta manta. Ta ce ni aka haifa jiya, ita ta goya ni. Wani ɗan baffanmu ya sa baki ya ce duk mun yi kuskure, shi abin da aka faɗa masa daban ne. Gardama ta kaure a gidan makoki, har manya suka fara yi mana tsawa. Na miƙe na ce gani ya kori ji, ga Iya nan da bakinta, a kawo na'ura.

Da ƙyar aka samo mai aiki a maƙwabta. Hoto ya fito, mata suka fashe da kuka da jin muryarta. Ga ta tana girgiza ludayi a kunne. Ga Tanko a ƙofar gari. Ta ce wuta ta mutu, yara suka fita, aka bar ta ita kaɗai a cikin hasken ƙwan nan. Ta juya wajen ƙofa ta kira ni. Can nesa aka jiyo muryata, cikin ƙarar inji, ina cewa ta faɗa wa na'ura. Ta sake kira, na sake amsawa. Ta dubi wuta, sannan ta gyara zama ta fuskanci na'urar, ta ɗaga yatsa. “To, maigida, tunda ka ce in faɗa wa wannan, sai ka saurara da kyau. Da Tanko ya...”

Fuskarta ta rarrabe gida-gida, murya ta yi ƙit-ƙit, hoto ya tsaya cak da yatsanta a sama.

Na cire faifan na duba bayansa a rana. Tsakiyar lafiya lau, amma gefen duk ya yi fari da ƙananan zane, zagaye guda. Shi faifai daga tsakiya yake fara karatu ya ƙare a baki, wato ƙarshen magana a gefe yake. Yaya Rakiya ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Ai na ga lokacin.” Ashe duk baƙuwar da ta zo, sai Iya ta fito da shi ta nuna mata cewa maigidanta ya saka ta a madubi. Hannu ya yi ta kama gefen, hannun masu man gyaɗa, har ya dushe. Ita kuwa Iya duk abin da take ji da shi, tasa ce ko cokali, da toka take dirje shi sai ya yi ƙyalli. Rannan Yaya ta same ta a bakin murhu ta zura yatsa a ramin tsakiya, tana bin gefen da toka da tsumma.

Babu abin da ban yi ba. Na goga a riga, na wanke da ruwan sabulu, na shafa man goge baki kamar yadda muke yi wa faifan haya. Na kai shi birni wajen masu kwamfuta, suka kwafe mini abin da ya kwafu, daidai wurin nan ya tsaya. Na je wa Isiya, ya ce kaset ɗin da ya ɗauka da shi ya bi ta kansa da bukukuwa sun fi ashirin, kuma ranar da yake juyawa a faifai barinsa ya yi yana tafiya ya fita cin abinci. Na rasa wanda zan ji haushi. Na ji haushin Isiya, na ji na mai man bakin titi, har na Iya na ji, Allah Ya yafe mini.

Mutum ɗaya ta rage, ƙanwar Iya da ke aure a Kabo, muna ce mata Iya Ƙarama. A ɗaki ɗaya suka tashi, a bakin uwa ɗaya suka ji tatsuniya. Na hau babur na same ta a zaune tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni amma kunne garau. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutan Getso ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka mutu, na ce mata ƙarshen Tanko na zo nema, na gaskiyar. Na faɗa mata nawa, na faɗa mata na Yaya Rakiya. Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari.

“Kai aka ba kwaɗi? To ai kai ne maƙaryacin gidan. Rakiya kuwa tun tana ƙarama ko ƙuli ta riƙe sai ya yi tsami a hannunta. Yaro, Tanko ba shi da ƙarshe. Haka innarmu ta yi mana. Duban yaran take yi, ta ga wanda ke bukatar magana, ta tsayar da shi ta yanka masa daidai wuyansa.”

Na ce, “To wanda ta faɗa wa na'ura fa?”

“Wannan naka ne. Ba na yaron da aka ba kwaɗi ba, na ƙaton da ya kawo akwati.”

“Ba ta faɗa miki abin da ta ce ba?”

“Ana faɗa ne? Abu ɗaya dai ta ce da ta zo nan bikin jikata. Ta ce, na yi wa maigidan magana, ya ce ta yi kyau ƙwarai. Ta ce, maganar da na yi masa kuwa ba irin wadda ake ce wa ta yi kyau ba ce.”

Ban san yadda na iso Gwarzo ba a ranar. Ashe ta sani. Shekara da shekaru tana miƙo mini ƙuli tana ce mini maigida, ta san ban kalla ba, ta zuba ido ta ga ko zan zo da kaina in ce a ba ni faifan. Faɗa ta yi mini a ciki? Wasiyya ce? Ko wani abu ta hango a tare da ni wanda har yanzu ban gani ba? Wani lokaci har nakan ce anya dirzar nan kuskure ce, anya ba gajiya ta yi da jira ta share abarta ba? Yaya Rakiya ta ce in daina zargin matacce, tsohuwa ce kawai mai son ƙyalli. Wata rana in yarda da ita, wata rana in kasa.

Yanzu a shago matasa kan tambaye ni, tunda na ga zamanin kaset na ga na faifai, wanne ya fi, abin da za ka riƙe a hannu ko na cikin waya? Sukan ce na yanzu ba ya karcewa, yana can sama a ajiye har abada. To, haka aka ce mana game da faifai. Ni na ga faifai ya mutu saboda an so shi da yawa. Na kuma ga wayata ta faɗa rijiya da hotunan sunan ɗana na fari, yaron da ya buɗe mini wurin ajiyar ya manta lambobin sirrin. Bakin mutum kuma, da nake ganin shi ne ba ya ci, ga shi kowa da abin da aka raɗa masa, mai raɗawar ta tafi da nawa. Sai in ce musu ban sani ba, su yi dariya su ce Baba Sabi'u ya tsufa. Da ina zaton darasin Tanko shi ne kada ka yi ƙarya. Daga baya na ce a'a, kada ka dogara da gora ne. Amma ba don gorar ba, da yau ko muryar Iya ba ni da ita, ga shi kuwa ina kunna ta a sabuwar wayata duk lokacin da kewa ta taso. To a ajiye ne ko kada a ajiye? Kaina ya kulle, kuma wadda za ta kwance shi tana maƙabartar Getso.

Kwanan baya aka ɗauke wuta bayan magariba, 'ya'yana suka kewaye ni a tabarma suna kallon Iya a waya. Hoto ya zo wurin nan ya tsaya. Ummi, 'yata mai shekara bakwai, ta ce, “Baba, da ya buɗe gorar me ya faru?” Na buɗe baki zan ce faifan ne ya lalace, sai na tuna tun safe yarinyar nan take ɓuya a bayan ƙofa, don an ce ta yi karatu a gaban aji ta kasa buɗe baki. Na kori yayyenta na ce su je wajen uwarsu. Na matso da ita na raɗa mata cewa da Tanko ya buɗe, wata 'yar murya ce ta fito, siririya, tana rawa don tsoro, mutanen gaba ma da ƙyar suka ji. Amma hadari ya ji, ruwa ya sauka har kwana uku.

Ta kama yatsuna tana wasa da su. Can ta ɗago ta ce, “Baba, haka Iya ta faɗa maka?”

Saura kaɗan in ce e. Kalmar har ta zo bakina.

Na ce, “A'a, Ummi. Ta kira ni sau biyu, ban zo ba.”